Haulatu Mai Aron Numfashi

A unguwar Hausawa ta Anacha babu macen da ke murna da sallamar Gwaggo Haulatu idan tana kwance ba lafiya. Ko zazzaɓi ne ya kayar da mace, da ta ji takun silifas ɗinta a tsakar gida sai ta yunƙura ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ce ai ta warke. Haulatu ta san da haka, bai kuma taɓa hana ta shiga ba. Shekara arba'in da ɗoriya ita ke zama kusa da mata idan ajali ya matso, ita ke wanke su idan ya iso. Matan Ibo masu sayar da garin kwaki a bakin layin suna kiranta Mama Lasbostop, wato tashar da mota ba ta wucewa. Tana amsawa.

'Yar Wudil ce. Ta zo Anacha tana da shekara ashirin da biyu, bayan mijinta Gimba ya yi shekara uku yana dako a Babbar Kasuwa, ya sami ɗaki ɗaya, ya aika a kawo ta. Daga baya wuyansa ya ƙi kaya, ya koma sayar da albasa a kasuwar Ochanja. Ita kuwa koko da ƙosai take yi da safe. Ta haifi shida, huɗu suka rayu, uku suka watsu. Autar, Nazifa, ita ta zauna. A nan aka haife ta, tana ɗinki kusa da masallaci, kuma idan ranta ya ɓaci da yaren Ibo take masifa.

Wankan gawa ba gadonsa Haulatu ta yi ba. A kudu idan mace ta mutu danginta na can nisan yini da kwana a mota, gawa kuwa ba ta jiran kowa a wannan zafi da laima. Wata tsohuwa, Ummulkulsum, ita ke yi wa unguwar. Da idonta ya fara mutuwa sai ta duba matan layin, ta ga wadda ba ta da surutu ba ta kuma da saurin kuka, ta ce Haulatu ta ɗauko bokiti ta biyo ta.

Abin da ta fara koya mata zaman jinya ne. Aikin mai zama shi ne ta laƙƙana wa mai barin duniya kalmar shahada a kan kari. Idan aka yi gaggawa, majinyaciya za ta faɗa, ta sake farfaɗowa ta tambayi ko an ɗaure akuya, maganarta ta ƙarshe ta zama ta akuya. Idan aka yi jinkiri, harshe ya riga ya karye. Tsohuwar ta ce ido ba ya gane lokacin, kunne ma yana ruɗewa.

"Ki ɗora numfashinki a kan nata," in ji ta. "Ta ja, ki ja. Ta sauke, ki sauke. Ta tsaya, ki tsaya. Sa'ad da kika ji ƙirjinki ya ƙi buɗewa, ki sunkuya ki faɗa mata."

Haulatu ta koya har ta fi malamarta. Abin da ba a gaya mata ba shi ne ba a ajiye shi a bakin ƙofa idan an tashi. Ya bi ta ko'ina. Ta shiga keke mai ƙafa uku lafiyarta ƙalau, direban na da asma, kafin a kai gada ita ma ƙirjinta na kukan mage. Ta zauna kusa da mai ciki a wurin suna, ta taso tana haki. Da Gimba zai rasu, ita ta zauna da shi. Bayan an kai shi, kwana uku duk sanda ta kishingiɗa bayan azahar sai Nazifa ta ji minsharin ubanta yana fitowa daga bakin uwarta, da ɗan fito na ƙarshen nan da yake yi. Nazifa ta kwashe keken ɗinkinta ta koma shago har aka yi bakwai.

Ƙawa ɗaya Haulatu ke da ita wadda ba ta tsoronta, Zuwaira mai tuwo, da ɗakinta ke jingine da nata. Ita kaɗai ke ce mata, "Wuce dai, ungulu, yau ba naki a gidan nan." Hayaƙin itace na shekara talatin ya lalata wa Zuwaira ƙirji, ya bar ta da wani irin numfashi nata ita kaɗai: gajeru uku a jere, sai ya sarƙe kamar mai shirin atishawa, sannan dogo ɗaya.

Ƙari ya fito wa Zuwaira a hanta. Aka ce ta je Inugu a yi mata gashi, wato a ƙona ƙarin da wutar na'ura, amma sai an fara ɗaukar hoton cikinta. Sau uku ta hau mota ta je. Kowane zuwa za ta kwanta a na'ura, a ce ta tafi, kwamfuta sai ta kwana tana haɗa hoton. Bayan kwana biyu a bugo waya a ce bai fita ba, ta dawo wani makon. Kafin zuwa na huɗu ƙarin ya bazu. Haulatu ta zauna da ita kwana goma sha ɗaya, ta ba ta kalma a kan kari, ta wanke ta.

Wata tara bayan haka Haulatu ta ji nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ta sa yatsu ta danna. Ta sha jin wannan taurin a cikin wasu matan, ba ta buƙaci a fassara mata ba. Nazifa ce ta ja ta asibiti ƙarfi da yaji. Likita ya ce ƙari ne guda ɗaya, girman goro, amma sauran hantar tsohon ciwo ya riga ya cinye ta, ba za ta ɗauki wuƙa ba. Ya rubuta musu takarda zuwa Inugu.

Suka sauka a unguwar Hausawa ta can, gidan Alhaji Nasidi mai shanu, tsohon abokin Gimba. Matarsa Ramlatu ta ba su ɗakin 'ya'yanta.

Ranar Talata da hantsi aka shigar da su wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, babu taga. Wanda ya tarbe su doguwar riga fara ce a jikinsa, ya duƙa ya gaishe ta da Hausa. Sunansa Musaddiƙ, ɗan mai sayar da shanu ne a Fatakwal, can aka haife shi. Ya ce shi ba likita ba ne, lissafin na'urorin ne aikinsa.

"Hausarka duk ƙashi," in ji Haulatu. "Uwarka ba ta yi maka magana ne?"

"Tana yi, Mama. Zagi ne ya fi yawa."

"Shi ma ba ka iya ba, na gani a bakinka. To, faɗi abin da za ka faɗa."

Ya ce hanta ba a zaune take wuri ɗaya ba. Duk jan numfashi sai ta sauka, duk saukewa sai ta hau, kamar kwalekwale a bakin kogi, ƙarin kuma yana bin ta. Wutar gashi kuwa inda aka saita ta nan take bugu. Idan ba a san hanyar da ƙarin ke bi ba, dole a ƙona fili mai faɗi don a tabbata an same shi.

"Hantarki ba za ta ɗauki fili mai faɗi ba, Mama. Likitoci sun ce ko dai a buga daidai kansa, ko kada a taɓa."

"To ku ɗaure ta mana."

"Ba ta ɗauruwa. Shi ya sa za ki shiga wannan, MRI ake ce mata. Minti biyar kina numfashi kamar yadda kika saba, ita kuma tana tattarawa, sai kwamfuta ta jera min hoto mai motsi. Da sai ta kwana tana yi, wani lokaci ya fito a dagule, mai shi ya riga ya koma garinsu. Yanzu mun sami sabuwar hanyar lissafi. Minti huɗu. Kina kwance zan gani, idan bai yi ba mu sake."

Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda kazarsa ta yi ƙyanƙyasa. Ya juyo mata allon kwamfuta ya ce ta ga misali, don kada ta ji tsoro.

Hoton baƙi da toka ne, cikin mutum an tsaga shi ta tsaye, babu kai babu ƙafa. Wani abu mai kama da ƙwarya a kife yana sauka yana hawa, da tabo fari a gefensa. A ƙasa wani layi kore yana zana tudu da kwari. Ɗakin shiru, sai ƙarar na'urar sanyi. Haulatu ta kalla, ta kalla. Ba da ido ta fara ganewa ba. Ƙirjinta ne ya ja gajeru uku, ya sarƙe, ya saki dogo.

"Wace ce wannan?"

"Ba na faɗin suna, Mama. Amana ce. Mai shi ta yarda a yi aiki da hoton, shi ke nan."

"Yaushe ka ɗauka?"

"Bara. A lokacin ya ƙi fita. Watan jiya na zuba shi a sabuwar hanyar, ya fito tas."

"Watan jiya," in ji Haulatu. "Na wanke ta ranar Laraba, saura kwana huɗu azumi. Yanzu ko haƙarƙarin nan ƙasa ta fara ci."

Nazifa ta dafe baki. Musaddiƙ bai ce e ba, bai ce a'a ba. A allon Zuwaira na ta numfashi, idan ta kai ƙarshe ta koma farko, ba gajiya.

"Kashe ta, ɗan nan."

Ya kashe.

Aka cire mata 'yan kunne da zobe, aka karɓe carbinta saboda ƙarfen da ke bakinsa, aka toshe mata kunne da soso. Gadon ya zame da ita cikin ramin na'urar. Rufin bai kai tafin hannu daga hancinta ba. Ta auna faɗin da kafaɗunta, ta ga bai fi na ƙaramin ramin kabari da komai ba, illa shi wannan da fitila. Na'urar ta fara bugu kamar maƙera goma a rumfa ɗaya.

Minti huɗu bayan an gama, Musaddiƙ ya dubi allonsa ya ɗauka kuskure ya yi, tsohon hoton ya buɗe. Ya rufe, ya duba suna, ya sake buɗewa. Haulatu Gimba, ranar yau. Ƙarin ba a wurin na waccan yake ba, amma layin kore na Zuwaira ne sak: uku, sarƙewa, dogo. Ya miƙe daga kujera.

Ya yi mata magana ta lasifikar ramin. "Mama, mu sake. Ki saki jikinki. Numfashinki na kullum nake so."

Suka sake. A ɗakin akwai wani famfo na na'urar da ba ya tsayawa, cif, cif, cif, ko ana aiki ko ba a yi. Layin ya fito a jere da shi, gajeru masu sauri, irin da babu ɗan Adam da zai yi rabin sa'a yana yi. Karo na uku ya sa Nazifa ta cire ƙarafunanta ta shiga ta riƙe ƙafar uwar, ko hankalinta zai kwanta. Layin ya fito mai kyau, dogo, mai zurfi. Musaddiƙ ya fara hamdala, sai ya ɗaga kai ya kalli kafaɗun Nazifa ta gilashi, ya kalli layin. Tare suke hawa, tare suke sauka.

Da aka fito da ita ya jera mata hotunan uku. A na farko ƙarin na tafiyar faɗin yatsa biyu. A na biyu da ƙyar yake motsi. A na uku yatsa uku cur.

"Mata uku ke nan, Mama. Wacce ce ke?"

"Ka ɗauki na Nazifa. Ai ya fi kyau."

"A ɗakin gashi ba mai zama da ke. Ƙofarsa ta fi bangon nan kauri, kowa fita yake yi. Idan na saita wuta a kan numfashin Nazifa, kika shiga kika yi wani, hanta mai rai zan ƙona, ƙarin yana gefe yana kallo."

Nazifa ce ta ba shi labarin aikin uwarta, rabi da Hausa rabi da Turancin buroka. Ya saurara har ta gama. Ya ce Juma'a da safe likitoci ke zama su raba ranakun gashi. Akwai gurbi ɗaya a na'urar ranar Alhamis. Idan ba a sami nata na kanta ba, ba shi da abin kai musu, su kuma za su ba ta maganin rage zafi su sallame ta.

"Ki je ki zauna ke kaɗai, ki nemo shi," in ji shi.

"Ni kaɗai, a unguwar Hausawa? Kai da gaske a Fatakwal aka haife ka?"

Ta gwada dai. Da yamma ta shiga ɗaki ta rufe, jikar Ramlatu na barci a bayan labule, ta ɗauki nata. Ta shiga banɗaki, wani tsoho na tari a na maƙwabta, ta ɗauki nasa. Ta zauna a bayan gida kusa da turken awaki, ta taso da na akuya. Idan kuma ta toshe kunne ta rufe ido, Zuwaira ce ke dawowa. Ta yi ƙoƙarin tuna yadda take numfashi a Wudil kafin ta san Ummulkulsum, ta tarar babu abin tunawa. Wa ke lura da numfashinsa yana da shekara ashirin?

Laraba da safe, suna karyawa, aka ji kuka daga layin baya. Jim kaɗan Ramlatu ta shigo tana murza gefen zani. Matar wani mai tsire ce ta rasu bayan asuba, baƙuwa ce, watanta biyar da zuwa daga Funtuwa. Mai wankan unguwar ta tafi Kano bikin jikarta. Maza sun tafi haƙa, ana so a kai ta bayan azahar, kuma matan layin kowa sai kallon kowa.

"Gwaggo, da ba don larurarki ba..."

"Ba inda za ta," in ji Nazifa. "Ita ma jinya ta zo. Ko tsayuwar minti goma ba ta iyawa."

"A ɗora ruwa," in ji Haulatu. "Kada ya yi zafi. A samo ganyen magarya, in babu a kawo sabulu marar ƙamshi. Kafur kuma a daka shi. Ke Nazifa, tashi, ke za ki zuba."

Nazifa ba ta taɓa shiga ba. Duk tsawon shekarun nan wasu matan ke zuba wa uwarta ruwa, ita tana gudun ko bokitin.

Ɗakin ƙarami ne, an jingine katifa a bango, an shimfiɗa leda da tabarma. Haulatu ta kori kowa, ta sa aka saki labule. Matar ba ta wuce talatin ba, da lalle a ƙafarta wanda bai gama goguwa ba. Haulatu ta durƙusa, ta lulluɓe ta da zani daga ƙirji zuwa gwiwa, ta zare kayan ta ƙarƙashi. Ta ɗaga ta kaɗan, ta shafa cikin a hankali, ta naɗe hannu da tsumma ta tsarkake ta. Ta yi mata alwala kamar mai shirin salla. Ta warware kitson, ta wanke kan. Sannan gefen dama, daga kafaɗa zuwa diddige, sannan hagu. Ba ta magana sai "zuba" da "tsaya".

Nazifa na ɗibar ruwa, kofin na bugun bakin bokiti. Ta ƙi kallon fuskar, ta ƙi kallon ƙafar, ta rasa inda za ta ajiye ido sai a bayan uwarta. A nan ta ga abin. Ita tana haki kamar wadda ta hau bene, amma bayan tsohuwar yana tashi yana sauka a hankali, bai kula da ita ba. Ta riƙe numfashi da gangan. Bayan ya ci gaba. Ta yi tari. Bai sauya ba. Numfashi ne da ba ta taɓa ji a gidansu ba, ba dogo ba, ba gajere ba, da ɗan hutu a ƙasansa kamar na mai ƙirga tsabar wake.

Sai da aka naɗe likkafani, maza suka ɗauka, suna wanke hannu a bakin rijiya, Nazifa ta yi magana.

"Inna, a ciki ba ki bi ni ba."

"Ina zan bi ki? Ina aiki."

"Numfashi nake nufi. Na gwada ki har sau biyu. Na wa kike yi?"

Haulatu ta tsaya da sabulu a hannu. 

"Wadda ke gabana ba ta da shi," ta ce. "Babu na ara."

Alhamis da hantsi gadon ya sake zamewa da ita cikin ramin. Ta ce Nazifa ta tsaya waje. Bugun ya fara, famfon na cif, cif a ƙarƙashinsa, Zuwaira kuma tana nan a gindin maƙogwaronta tana jira. Haulatu ta rufe ido, a zuci ta shimfiɗa leda da tabarma. Ta sa aka saki labule. Ta so ta kwantar da 'yar Funtuwa, tunda ita ce ta jiya, amma da ta ɗaga gefen zanin ba lalle ta gani ba. Diddige ne mai faso, da babban yatsa wanda farcensa ya mutu tun ranar da tukunyar koko ta faɗo masa. Ta san ƙafar. Ta hau sama, ta ga tabon ƙunar mai a hannun dama, da cikin da ya ɗauki shida ya saki. Ta danna ƙarƙashin haƙarƙari, taurin yana nan.

Ba ta firgita ba. Ta wanke maƙwabta, ta wanke masu gaba da ita, ta wanke Zuwaira. Wannan ma mace ce da ke buƙatar wanka, kuma babu wata a kusa da ta iya. Ta naɗe hannu da tsumma. Ta yi mata alwala. Furfurar ta fi yadda take zato yawa ta ƙeya, inda madubi ba ya kaiwa. Ta juya ta, ta ji ba nauyi, kamar damin kara. Dama, hagu. Dama, hagu. Tana cikin na uku, na kafur, bugun ya tsaya.

"Mama, kina jina? Mama?"

Ba ta amsa ba, saura ƙafar hagu.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Musaddiƙ ya shigo da sauri ya kama idon sawunta.

"Sake ni, ɗan nan. Ban gama ba."

"Wallahi kin ba ni tsoro. Kwanciyar taki ce..." Bai ƙarasa ba. Ya koma, ya jira minti huɗunsa. Sannan ya ce, "Mu sake ɗaya, in tabbata."

Ta sake shimfiɗa tabarma, ta fara daga farko.

Hotunan biyu da ya ɗora ɗaya kan ɗaya, layukan suka hau juna kamar an zana da hannu guda. Ƙarin yana sauka yatsa ɗaya da rabi, ya koma, ya ɗan tsaya a sama, kowane karo a wuri ɗaya. Musaddiƙ ya sa yatsa a kan wannan tsayuwar.

"A nan za mu buge shi. Duk sanda ya zo ya huta."

Ya juyo mata allon. Ta kalli hantarta na hawa da sauka, ta saurari ƙirjinta ta ji ko zai bi. Ya bi, amma wannan karon babu bambanci.

"Ashe haka nake," ta ce. "Ba laifi."

Juma'a likitoci suka sa ta a jeri. Sau biyar aka yi mata gashin, ana tsallake kwana ɗaya tsakani. Kowane karo a kwantar da ita, a ɗora mata wani ɗan akwati a ciki mai bin numfashi, kowa ya fita, ƙofar nan mai kauri ta rufe da kanta a hankali. Na'urar ta kewaya ta tana ƙugi, ta yi shiru, ta yi ƙugi, daidai da hutun ƙarin. Ma'aikaciyar da ke kallo ta kamara, 'yar Ibo ce, ta ce shekararta tara a ɗakin ba ta ga mai kwanciya haka ba, kuma ba ta son kallo. Bayan wata uku aka sake hoto, ƙarin ya koma girman gyaɗa. Likita ya ce ba a ce ya tafi ba, a dawo bayan wata shida. Haulatu ta koma Anacha, ta koma kan kaskon ƙosai, mata suka ci gaba da warkewa da jin takunta.

Nazifa ta yi ta tambayarta abin da take tunani a cikin ramin, tana share ta. Sai wata ranar da suke tsince wake a ƙofar ɗaki ta gaya mata, tun daga ledar har kafur, ba ta rage komai ba. Nazifa ta ture tiren, wake ya watse, ta fashe da kuka.

"Haba Inna! Sau bakwai? Kanki da kanki?"

"Hannuna ne, amma ke kike zuba ruwan," in ji Haulatu. "Kuma duk bakwai ɗin sai da kika zuba min a kunne. Tattara waken nan. Gobe akwai wanka a layin 'yan albasa in Allah ya karɓi matar Maikuɗi, za ki biyo ni ki koyi riƙe kofi."